Jatau da Kwamfutar Malam Habila

A shekarar da ta biyo bayan ƙirƙiro Jihar Katsina, duk faɗin Tsiga mutum ɗaya ne ke da kwamfuta, shi ne Malam Habila malamin gona. Wani Bature da suka yi aikin auna ƙasa tare a Funtua ne ya bar masa ita da zai koma gida. Kada ka zaci wani abin kirki ne. 'Yar baƙar aba ce, faɗinta bai wuce faifai ba, sai an jona ta da talabijin, an jona talabijin da batirin mota, sannan ta yarda ta yi rubutu. Amma yadda Habila ke ji da ita, ko 'yarsa Roda ba ta samun irin wannan lele.

Matarsa Salome ba ta damu ba. Namiji ya taso daga aiki ya zauna gida yana danne-danne, ai ya fi ya zarce gidan burkutu. Kuma ta san abin da yake nema. Shekara goma sha biyar yana auna ruwan sama a garuruwa shida yana rubutawa, burinsa ya ɗura wa na'urar duka, ta fitar masa da makon da ya dace a yi shuka, don mutane su daina asarar iri a ruwan farko mai yaudara. To, sai dai cikinta ƙarami ne. Da ya kai gari na uku sai ta ce ta ƙoshi.

Wata Asabar ya ɗauki Salome a babur suka tafi Funtua, ita ta sayi zare, shi ya kai cajin batir wurin Raufu mai gyaran rediyo. Raufu Bayarabe ne haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Da ya ji damuwar Habila sai ya yi dariya, ya shiga ciki ya fito da abu biyu.

"Oga, hanya biyu ce," in ji Raufu. "Ga sabuwa nan, yayana ya kawo daga Legas, tana iya cinye ruwan jihar nan kaf. Sai dai kuɗinta kuɗin sa ne, ba zan ɓoye maka ba. Ga kuma wannan ɗan akwati, ƙarin ƙwaƙwalwa ne, ka soka shi a bayan tsohuwar taka cikinta ya buɗe. Shi kuɗin akuya ne."

Idon Habila ya kafe a kan sabuwar, har yana haɗiyar yawu. Salome kuwa tunda ta ji an ce kuɗin sa hankalinta ya tafi kan shanunsu. Shanun huɗa biyu ne a gidan, Duna da Jatau. Jatau nata ne, mahaifinta ya ba ta shi yana ɗan maraƙi shekarar da zai rasu, ita ta raine shi da dusa da harawa har ya zama abin kallo. Sai dai tun da aka ɗaura masa karkiya ya koma dukiyar gida a bakin kowa. Duna kuwa na yayan Habila ne, ba mai taɓa shi.

"Baban Roda," ta ce da sauri, "da tsohuwar zuma ake magani. Mu ɗauki akwatin."

Suka ɗauki akwatin. Wai! Ranar a gidan Habila kamar an yi haihuwa. Yana soka shi a baya, ya kunna, ya danna abin da zai danna, sai ya yi tsalle ya buga kai da ƙofa bai ma ji ba. "Maman Roda! Zo ki gani! Ciki ya buɗe!" Ta shigo da gari a hannu, ta kalli talabijin, ba ta ga komai ba sai wasu lambobi, amma ta taya shi murna da zuciya ɗaya, don ita Jatau take gani ya tsira. Maƙwabta suka cika ƙofa. Wani dattijo ya tambaya ko ana iya gaishe ta, aka ce masa ba ta amsawa, ya ce to ba ta da tarbiyya.

Murnar kwana biyu ta yi. Ran Litinin da la'asar ya ɗura gari huɗu, yana cikin na biyar, sai fuskar talabijin ta yi fari fat, komai ya shafe. Ya sake daga farko ran Talata, ta sake mantawa. Laraba ya cire akwatin ya hure, ya goge, ya mayar, ya yi addu'a a kai, ya kai har gari na shida, saura shekara biyu, ta watsar. Salome na waje tana dakan tuwon dare ta ji ihunsa, har taɓarya ta kusa kuɓuce mata.

"Araha ba ta ado!" Haka ya fito yana faɗa, idanu jajur. "Ta tsufa, Maman Roda, ruɗewa take yi. Damina saura wata guda. Na yi magana da Baba Jibo dillali, ranar kasuwar Bakori zai zo ya tafi da Jatau."

"Wane Jatau?"

"Haba, Jatau nawa ne a gidan nan? Baɗi in Allah ya kai mu zan saya miki wanda ya fi shi."

"To da me za a yi huɗa? Sa ɗaya yana jan garma? Ko kai za ka shiga karkiyar tare da Duna?"

Ya ce a yi haya, ta ce ba ta yarda ba. Ya ce abin na amfanin garuruwa shida ne, ta ce garuruwa shidan su kawo nasu shanun. Daga ƙarshe ya yi irin ta maza, ya ce ya gama magana. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Da ta share hawaye ta ɗauki taɓarya ta jingine a bayan rumbu, ta kife turmi, ta rantse ba ta ƙara daka a gidan nan, sai dai kwamfutar ta tuƙa masa tuwo.

Ranar kasuwa, rana ba ta gama fitowa ba Baba Jibo dillali ya yi sallama. Ya kwance Jatau daga turke, ya haɗa shi da wasu shanu biyu, suka kama hanyar Bakori a ƙasa. Jatau ya waiwayo sau ɗaya a bakin zaure. Salome ba ta fito ba, ta kafar zana ta leƙa.

Habila shi ma jikinsa a sanyaye yake, ba karin kumallo, ba mai yi masa magana. Don ya rage zafi ya shiga ɗaki ya kunna tsohuwar tasa, wai ya ƙara gwadawa kafin Jibo ya kawo kuɗi. Gidan shiru, ko kaza ba ta kuka. Ya ɗura gari ɗaya, ya ɗura biyu, ya ɗura huɗu. Hantsi ya dubi ludayi, abu na nan daram. Ya ɗura na shida har shekarar ƙarshe, ya danna, sai ga jerin makonni suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"Maman Roda! Maman Roda! Ta yi! Wallahi ta yi!"

Salome ta zo bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ba murna ce ta kawo ta ba, zuwa ta yi ta ce masa to sai ya ci makonnin. Ana haka Kulu maƙwabciyarta ta shigo gidan da ƙwaryar dawa, turminta ya tsage. Ta ga ba kowa a tsakar gida, ta san ba a hana ta, ta tayar da turmin Salome a inda ya saba zama, jikin bangon ɗakin nan, ta lalubo taɓarya ta fara surfe. Kulu kuwa ba ta dakan wasa.

Dum! Dum! Dum!

Habila allon talabijin yake kallo, yana kwafe makonnin a takarda. Salome da ke tsaye a gefe bayan na'urar take gani. Tebur a jingine yake da bango, ƙafarsa ɗaya gajera ce. Duk sanda taɓarya ta sauka sai bango ya amsa, tebur ya girgiza, ɗan akwatin nan ya gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ya gyaɗa, ya gyaɗa, a na bakwai ko na takwas ya ɗan zame, talabijin ta yi fari fat.

Habila ya ɗora hannu a ka. "Kin gani ko? Kin ga abin da nake faɗa miki?"

"Kulu, tsaya!" Salome ta ƙwala kira, ta juyo wurin Habila. "Baban Roda, ran Litinin da ta manta, me nake yi?"

"Ina na sani? Daka mana."

"Talata fa? Laraba fa? Yau da ban yi daka ba tun safe, ta manta? Ba tsufa ke damunta ba, turmi ne!"

Ya juya yana duban akwatin. Ita kuwa ta riga ta fita da gudu, ta kwance baƙar robar da ake ɗaure kaya a bayan keke, ta dawo ta ture shi gefe. Ta danna akwatin ya shiga sosai, ta naɗe shi da roba tare da na'urar, ta ja, ta ƙulle tamau yadda take ɗaure buhun gari in za a kai niƙa. Ta janye tebur daga bango, ta cusa ɓawon ƙwarya a ƙarƙashin gajerar ƙafar.

"Kunna. Sa mata ko gari ɗaya ne. Kulu, daka! Daka da ƙarfinki!"

Kulu ba ta san me ake ciki ba, amma ta daka. Salome ta fizgi taɓarya ta biyu ta shiga, suka yi lugude har ƙasa na tashi daga bango, tana yi tana leƙe ta taga. "Yana nan?"

"Yana nan!" in ji Habila. "Ku ƙara! Yana nan! Maman Roda, ko gezau!" Ya fito yana rawa a tsakar gida, malamin gona guda, da tabarau da komai. Kulu ta saki taɓarya ta riƙe ciki don dariya.

Salome ce ta katse shi. "Jatau."

Rawa ta tsaya cak. Su duka biyu sun san dokar kara, wato kasuwar shanu: muddin dillali ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa, ko uban wa ya zo ba a tayarwa. Habila ya dubi rana, ya zabura ya tayar da babur. Kafin ya ce ta jira shi a gida ta riga ta haye baya, ba ko mayafi, da dusa har gwiwar hannu.

Irin gudun da suka yi a hanyar Bakori ran nan, masu kekuna sun daɗe suna ba da labarinsa. Rami ya zo, Habila ya rage, ta dunguri bayansa ta ce ya taka. Suka wuce motar fasinja, yaran mota na yi musu ihu. Ita ba ta ji ba ta gani, bakinta kawai ke motsi, Ubangiji ka riƙe harshen Jibo, Ubangiji ka riƙe harshen Jibo.

Kara ta cika maƙil, ƙahonni ko'ina. Habila na dube-dube bai ga komai ba, ita tun daga nesa ta hango jan tozon da ta sani. Baba Jibo na tsaye riƙe da igiya, wani ƙaton mahauci na shafa cinyar Jatau, ya taya, Jibo ya ce albarka, ya ƙara, Jibo ya ce albarka amma a sanyaye. Mahaucin ya sake ƙarawa ya miƙa hannu. Jibo ya dubi Jatau, ya gyara hula, ya fara ɗaga nasa hannun.

Babur bai gama tsayawa ba ta dira. Ta ratsa tsakiyar maza da shanu, wurin da mace ba ta cika shiga ba, ta ɗaga murya yadda duk kara sai da ta waiwayo.

"Albarka! Albarka, Baba Jibo! Ba na sayarwa ba ne!"

Hannun Jibo ya tsaya a sama. Mahauci ya ɓata rai ya ce wannan wace irin fitina ce, ai an gama. Jibo ya dube shi ya ce, "Ka ji na ce na sallama? Ban ce ba." Ya juya ga Habila da ya iso yana haki. "Malam Habila, kai ka ba ni. Me ka ce?"

"Abin da ta faɗa, Baba. La'adarka na wuyana."

Jibo ya miƙa wa Salome igiya yana girgiza kai yana murmushi. Jatau ya sunkuyo yana lasar dusar da ke hannunta. Nan ne fa ta rungume wuyansa ta fashe da kuka a gaban mutane, ba kunya ba komai, kukan daɗi da na haushi a haɗe.

Habila ya matso, ya rasa inda zai sa idonsa. "Maman Roda, ban kyauta ba. Naki ne, ban ma tambaye ki ba. Ki yafe ni. Zo ki hau mu tafi, Baba Jibo zai koro shi da yamma."

Ta share fuska da gefen zani. "Na yafe. Amma igiyar nan ba ta ƙara barin hannuna yau."

Ta ja santa ta kama hanyar Tsiga a ƙasa, cikin rana tsaka. Habila ya tsaya yana kallonsu. Can ya kashe babur, ya kama ƙahon babur ɗin yana turawa, ya bi bayansu.