Bakwai, Likita

Tun ranar da tukunyar gas ta fashe a ɗakinta ta ƙone mata rabin fuska, Mai Guga ta haddace inda kowa ke ajiye ido idan yana magana da ita. Mai shagon bakin layi hannunta yake kallo. Shugabar ɗakin wankin otal ɗin da take aiki kuwa bangon bayanta take yi wa bayani, sai ka ce bangon ne zai goge zannuwan gado. Yayanta, wanda su biyu kaɗai suka rage, shi ya fi kowa dabara: waya yake bugowa, ya ce yara suna gaishe ta. Ba mugunta suke yi ba, tausayi ne. Amma tausayin nan ya kai mata iya wuya.

Fata ta warke, zuciya ta ƙi. Da ta ji ƙaurin yadi a ƙarƙashin dutsen guga sai jikinta ya ɗauki rawa, wutar ta dawo mata sabuwa fil. Shi ya sa asibiti suka tura ta wurin wata likitar ƙwaƙwalwa, matashiya mai tabarau, a wani ɗan ɗaki mai kujeru biyu da fanka mai ƙara.

"Anti, ki tuno wutar, ki riƙe ta a ranki," in ji likitar. Ta ɗaga yatsu biyu. "Ki bi su da ido, dama da hagu. Kada ki juya kai."

Saura kaɗan Mai Guga ta yi dariya. Ba allura, ba ƙwaya, sai wasan yatsu? Amma ta bi. In an tsaya ta ja numfashi, ta faɗi abin da ya zo mata, a sake. Kafin ta tashi likitar kan tambaye ta, "Daga sifili zuwa goma, nawa zafin yake yanzu?" Ranar farko goma ta ce, tana kuka. Likitar ta ce ranar da suka kai sifili aiki ya ƙare.

A zuwa na biyu ta lura da wani abu. Don likitar ta tabbatar idanun suna bin yatsun, dole ta kalli fuskarta. Kuma kallonta take yi sosai, ido cikin ido, ba ta kaucewa, ba ta yamutsa fuska. Mai Guga ta manta yadda hakan yake. Ta koma gida ranar tana jin kanta mutum. Daga nan ta fara goge mayafinta musamman saboda ranar asibiti, har da ɗan kwalli.

Maganin kuma, ga mamakinta, ya kama. Wata safiya rigar filo ta ƙone a hannunta, ƙauri ya cika ɗakin wankin. Ta ɗaga dutsen guga, ta yi tsaki, ta ɗauko wata. Sai da ta ninke ta sannan ta tsaya cak. Ba rawar jiki, ba wuta. Maimakon murna, gabanta ne ya faɗi.

"Nawa yau, Anti?"

"Bakwai, Likita."

Mako ya zagayo, bakwai. Ya sake zagayowa, bakwai dai. Likitar ta gyara tabarau ta ce, "Ikon Allah, bakwai ɗin nan ya kafa gida." Mai Guga ta ce ai ciwo ba ya jin lallashi. Tana jin kunyar ƙaryar, amma kaɗaici ya fi kunyar ƙarfi.

Ran nan tana zaune a benci tana jiran layinta, wata mata ta shigo rungume da jaka. Iska ta buga ƙofa, matar ta zabura har jakar ta faɗi, hannuwanta na karkarwa.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah," in ji mai karɓar marasa lafiya. "Likitar ɗaya ce. Ba gurbi sai wani ya gama."

"Ba na iya barci," matar ta ce a hankali. "Don Allah."

Mai Guga ta san wannan karkarwar, tata ce ta da. Ta shiga ɗakin likita. Yatsu suka yi dama, suka yi hagu, ta bi su, amma rabin hankalinta yana kan idanun da ke bayansu. Ta so a ce yau an daɗe.

"Nawa, Anti?"

"Sifili. Ya daɗe da zama sifili."

Likitar ta yi murmushi har tabarau ya ɗaga. "Alhamdulillahi! Kin yi ƙoƙari, wallahi. Kin gama ke nan." Ta jawo fayil ta sunkuyar da kai tana rubutu.

Mai Guga ta miƙe, ta gyara mayafinta mai sabuwar guga. A bakin ƙofa ta ɗan tsaya, ko za a ɗago.

"Sai anjima, Anti," in ji likitar, idonta a kan takarda. "Ki ce mai bi miki ta shigo."