Mai Riƙe wa Inna Anten

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ƙafar Babanmu, Alhaji Mato, a cikin kicin ba. Haka ya tarar da ubansa yana yi a unguwarmu ta Zongo, haka shi ma ya ci gaba. Ko ruwa yake so, daga falo zai yi gyaran murya. Ita kuwa Inna Salamatu abincin biki da na suna take dafa wa mutane, wuni take cikin tukwane. Wuri ɗaya suke zama tare, falo, bayan magariba, lokacin fim ɗin Indiyan nan da aka juya zuwa Faransanci. Inna ta ɗosana a bakin kujera da ludayi a hannu, Baba yana ta tsaki yana cewa shirme ne. Amma bai taɓa tashi ba. Ni Batul na san abin da ke zaunar da shi. Zaman yake so, kuma ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Ran nan miyar ademe, wato lalo, ta ƙone Inna tana falo. Sai ga ƙanena Zulkiflu, uban 'yan dabara, ya zo da magani.

“Papa, c'est simple, abu ne mai sauƙi,” in ji shi. “A sa wa Inna ƙaramar tele, 'yar talabijin, a kicin. Ba sai ta riƙa zuwa falo ba.”

Wallahi ji na yi kamar in rufe shi da duka. Baba ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofi a hankali.

“To, madalla,” ya ce. “Da ni za a je.”

Mutumin da bai taɓa sayen ko fitila da kansa ba! Nan na gane tafiyar ɓata ciniki ce, na ce ni ma ina zuwa.

Muka je unguwar Dekon, shagon wani Kossi, mutum mai haƙuri, Allah ya saka masa. Ya ɗauko tele 'yar daidai, ya ce tana kama TNT, wato tashoshin zamani, ba sai an haɗa ta da wani akwati ba. Baba ya ce ta yi ƙanƙanta, za ta kashe wa Hajiya ido. Aka kawo babba, ya ce wannan ai sai an fitar da murhu. Aka kawo fara, ya ce hayaƙi zai ɓata ta. Aka kawo baƙa, ya ce ba za a gane ranar da hayaƙi ya ɓata ta ba. Kossi ya dube ni, na dubi silin.

“Papa, tele ce fa, ba ragon layya ba,” in ji Zulkiflu.

“Rago ai ana duba haƙoransa. Wannan me zan duba?”

Da dai hujja ta ƙare aka koma kan ta farkon. Saura anten, wato eriya. Kossi ya ce a gida irin namu, rufin kwano, ga gidajen sama kewaye, ta kan rufi ce kawai za ta yi aiki. Ya nuna wata 'yar ƙarama ta cikin ɗaki mai ƙaho biyu, ya ce wannan kam ba ya ba mu shawara, da wuya ta kama komai.

“Ita za a ba mu,” in ji Baba.

“Alhaji, na ce ba ta kamawa.”

“Na ji ka. Naɗe ta.”

A gida Zulkiflu ya kafa tele saman kantar kwanuka, ya jona anten, ya koma gidansa a unguwar Kégué yana gunaguni. Bayan magariba Baba ya zauna a falo ya gyara matashin kujerar Inna, yana jira. Ni ina kicin ina yanka mata albasa. Hoto ya zo, ya daskare, fuskar jarumar ta farfashe ƙanana-ƙanana, sai allo ya yi baƙi. Na ɗaga anten ɗin wajen taga, hoto ya dawo tas. Na ajiye, ya tafi.

Na zata Inna za ta ɗauki ludayinta ta nufi falo. Ina! Leƙa kai ta yi ta ƙofa.

“Alhaji, wanda ya zaɓo abin nan ya zo ya ga aikinsa. Batul hannunta albasa.”

Can muka ji takun silifa. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama kamar ya zo gidan surukai, Inna ta amsa masa cikakkiya. Ya shigo yana tattare babbar riga, ya karɓi anten, ya ɗaga. Hoto ya fito.

“Ɗan karkata hagu,” in ji Inna. “Yauwa. Kar ka motsa.”

Haka ya tsaya har fim ya ƙare, hannu a sama, idonsa na hawayen albasa.

“Shirme,” ya ce.

Na koma gidana a unguwar Cacavéli. Da na sake zuwa bayan sallar layya, an sa masa kujera 'yar tsugunno kusa da taga, har ya san inda ake ajiye gishiri. Bayan magariba ba a kiransa, da kansa yake zuwa. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi, don kafaɗarsa ta fara ciwo, kullum sai an shafa masa man zafi. Zulkiflu ya ce wannan wahalar banza ce, zai turo mai gyara ya hau rufi. Ni ma na goyi bayansa, tsoho ne fa.

Washegari da hantsi Baba ya tafi kasuwa, na shiga kicin don in shawo kan Inna. Na tarar tana tsince shinkafa, tele na ta labarai, hoto tas kamar a madubi. Anten tana zaune a kan firij, ba mai riƙe da ita.

“Inna! Ashe tana kamawa?”

“A kan firij tana kamawa,” ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba. “Tun washegarin da aka kawo ta na gano.”

“To Baba fa? Kafaɗarsa fa?”

“Ai ina shafa masa mai.”

Ta zubar da tsakuwar da ta tsince, ta jawo wani faranti.

“Ki gaya wa Zulkiflu kar in ga mai gyara a gidan nan. In an kira magariba kuma ki sauko min da ita, ki mayar bakin taga.”