Rabin Ƙwayar Kaka

"Mama, wai ke kike dukana?"

Yaron ya yi tambayar ne da ƙarfi, a gaban ma'aikaciyar jinyar da ke duba ƙafafunsa. Jajayen ɗigo-ɗigo sun rufe su tun daga idon sawu har cinya, kamar an watsa masa rini.

"Wa ya faɗa maka haka, Babana?"

"Anti ce ta tambaye ni, da kika fita."

Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai tana gyara zanen gado. Uwar ba ta ji haushi ba. Da duka ne, ai da ta san abin da za ta daina.

Likita ya ja kujera ya zauna. "Ƙananan jijiyoyin jininsa ne suka kumbura, suna tsattsafo. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi a cikin jini, aikinsu toshe irin wannan ɓaraka. Nasa suna nan da yawansu, amma ba sa kamawa. Ya sha wani magani a gida?"

Kaka, surukar uwar, ta gyara zama a bakin gado. "Magani kuma? Rabin ƙwayata ce kawai, ta ciwon gwiwa. Na ga tasa ta kumbura kamar tawa, na ce tsufa ya zo wa mijin nawa da wuri."

Babu wanda ya yi dariya. Uwar tela ce. Ita ta riƙa raba ƙwayar da almakashinta na ɗinki, daidai wa daida, don kada ta yi masa yawa.

"Irin wannan maganin yana kashe wa ƙwayoyin jinin ƙarfi," in ji likita a hankali. "Shi ya ƙara jinin da muka gani a bayan gidansa. Yanzu ƙodarsa muke wa tsoro."

"To a ba shi na warwarewa, likita," in ji uwar.

"Sai dai jiki ya yi sababbi da kansa. Ki dinga duba fitsarinsa. In ya koma kalar shayi, ki kira mu."

Hannun da bai taɓa barin yagewa ta kwana a jikin riga ba, yau aikinsa riƙon robar fitsari. Duk sanda yaron ya yi fitsari sai ta kai robar bakin taga, ta karkata ta wajen haske, ta kalla, ta sake kallo.

"Mama, ya yi kyau?"

Ta ajiye robar. Ba shayi ba ne tukuna. Amma kuma ba irin na jiya ba ne.

"Kwanta, Babana."

Ke da ke karanta wannan, ranar da kika ga irin ɗigon nan a ƙafar ɗanki, kada ki raba masa ƙwayar kowa, ko da hannunki ya iya rabo.