Promaya a Ɗakin Ƙasa

"Ɗaga ƙafarki, Inna Zorka," in ji Vule, ya karkata tulun ƙarfen ya tsiyayar da kaɗan a kan siminti.

Ruwa ne ya zubo, amma bai jiƙa komai ba. Ya tarwatse yana tsuwwa, farin hayaƙi ya bi ƙasa ya lulluɓe min silifas, sanyi ya cije ni a idon sawu. Na yi baya har na bugi bango, kwandon dankalin da na sauko ɗiba ya kusa suɓuce min.

"Ɗan banza, kashe ni za ka yi?"

Ya yi ta dariya har da tari. Vule ɗan Desanka ne, maƙwabciyata ta hawa na biyu. Ya haura arba'in, gemu ya fara fari, matarsa ta tafi Jamus ba ta waiwayo ba, ya dawo gidan uwarsa. Da rana yana aikin lodi a kamfanin taya. In ya taso sai ya sauka ɗakin ajiyarsu da ke ƙarƙashin benenmu, inda mutanen kirki ke ajiye dankali da gangar kabeji, shi kuwa ya mai da nasa gidan kwamfuta.

Kwamfutar ma tsirara take a kan tebur, ba akwati, wayoyi ko'ina. A tsakiyarta an kafa wani kofin tagulla da ƙanƙara ta yi wa gashi.

"Ƙwaƙwalwarta na ƙarƙashin kofin nan," ya ce. "Kamfani ya yanka mata iya gudun da za ta yi. Ni kuma ina ƙara mata wuta, in tura ta ta wuce nan. In ta yi gudu sai ta yi zafi, in ta yi zafi sai ta ƙone. Shi ya sa nake ba ta ruwan naitirojin na tulun nan ta sha, ta huce."

"Nawa ka ƙona?"

"Biyu."

"To in ta yi gudun, ina za ta kai ka? Belgrade?"

"Akwai gasa, Inna. Mutane daga ko'ina. Wani ɗan Poland ne a gabana, da ƙyar ya fi ni. Asabar zan wuce shi."

Ya faɗa yana murmushi kamar yaron da aka saya wa keke. Tun tafiyar matar ban ga haƙoransa ba sai ran nan, shi ya sa na haɗiye sauran zagin. Amma hayaƙin nan da ke rarrafe a ƙasa bai kwanta min ba, na ce masa abin ya yi kama da na makabarta.

Nan ya daina dariya. Ya nuna min 'yar tagar da ke can sama daidai da ƙasar tsakar gida, ya ɗaure fanka a jikinta tana hura waje. Ya nuna ƙofa, ya tokare ta da bulo.

"Abin nan ba shi da wari, ba ya sa tari. Korar iskar numfashi yake yi. In ɗaki a rufe yake, barci kawai za ka ji, shi ke nan. Muddin ƙofa da taga suna buɗe, ba komai. In kuwa wata rana kika leƙo kika gan ni a ƙasa, kar ki shigo. Mai shiga ceto shi ne na biyu."

"Ƙofa da taga a lokaci guda? Promaya fa?"

"Kin ji ki. Ke da Mama bakinku ɗaya."

Ba abin dariya ba ne. Kowa a garinmu Nish ya san wanda promaya, iskar nan mai ratsa ɗaki, ta karkace wa baki. Mijina, Allah ya ji ƙansa, rana ɗaya ya zauna tsakanin taga da ƙofa da jiƙaƙƙen kai, wata guda bai juya wuya ba. Iskar da ke da mashiga da mafita ba ta barin mutum lafiya. Vule ya ce ya yi wa uwarsa bayani har ya gaji, amsarta ɗaya ce: iska ce ke kisa, ba a taɓa jin rashinta ya kashe kowa ba.

Na hau sama da dankalina. Daga ran nan, duk lokacin da na ratsa tsakar gida sai idona ya kai kan tagar nan. In na ji fankar tana kuka, sai in ji numfashina ya sauka.

Asabar ɗin ta faɗo a lokacin ajvar, miyar gasasshen tattasai da muke dafawa mu ajiye don hunturu. Ni da Desanka muka kafa murhu a bayan bene tun da hantsi, buhunan jan tattasai a gefe, muna gasawa muna ɓarewa, yatsu duk sun yi baƙi. Kujerarta na kusa da tagar Vule. Tun da muka zauna take jan siket tana rufe ƙafa.

"Ji yadda iskar ke busowa," ta ce. "Ni da ke waje ke nan. Shi yana can ciki da 'yar singileti, gumi a baya."

"Bar shi, Desa. Ya ce dole ne."

"Ya ce. Da yana da hankali da matarsa na nan."

Mai ya ƙare mana, na wanke hannu na tafi kanti. Na tarar da layi, na kuma haɗu da wata da ba ta san a gaisa a wuce ba, sai da ta ba ni labarin gwiwarta tun daga farko.

Da na shawo kwanar bene, abin da na fara lura da shi shiru ne. Ba kukan fanka. An jingina allon tsohon tebur a kan tagar, an cusa bargo ta gefe-gefe, an danne da buhun tattasai. Desanka na zaune tana ɓare tattasai, hankalinta kwance.

"Desa, wa ya yi wannan?"

"Ni. Bargon ma ya shiga fankar ta tsaya, huta roro. Na sauka na janye bulon na rufe masa ƙofar. Ko juyowa bai yi ba, abin jin kiɗan nan na kunnensa. Zai gode min da tsufa."

"Tun yaushe?"

"Tun fitarki."

Kwalbar man ta faɗi daga hannuna. Ban san ina da ƙarfin ɗaga buhu ba sai ran nan. Na ture shi, na fizge bargon, na durƙusa na leƙa ta tsakanin fukafukan fankar. Fuskar kwamfutar na haske, lambobi na ta gudu. Kujera ba kowa. Sai can ƙasa, cikin farin hayaƙin da ya kai ƙafar tebur, na hango tafin ƙafarsa ɗaya da safa, tulun a kwance kusa da shi.

Na kira sunansa. Na sake kira. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Desanka ta riga ni zuwa matakala. Na cim mata a tsakiya na rungume ta ta baya, muka zube tare. Tsohuwa ce ƙarama, amma ta yaƙushe ni har jini.

"Sake ni, Zorka. Ɗana ne."

"In kika shiga ba za ki fito ba."

"Sake ni, mayya."

Ban sake ta ba. Na zauna a kanta ina ihu a kira 'yan kwana-kwana, ina kallon ƙofar nan a rufe, taku kaɗan daga inda muke, na san yana bayanta. Wani daga hawa na ɗaya ya buga waya. Har suka iso ban sassauta hannuna ba, tana zagina tana kuka, daga baya ta koma kiran sunansa kawai.

Da abin rufe fuska suka shiga. Suka buɗe ƙofar gaba da ta baya ta benen, suka tokare su, suka fito da shi suka shimfiɗa a zaure. Likitar da ta zo tare da su ta daɗe durƙushe a kansa tana danna ƙirji. Sannan ta ɗago ta dube ni, ni ba uwar ba, ta girgiza kai.

Desanka ta rarrafa ta isa gare shi. Ta taɓa kumatunsa, ta taɓa wuyansa.

"Ji yadda ya yi sanyi," ta ce a hankali. "Tun safe promaya ke dukansa. Na makara, Zorka. Da tun da muka zauna na rufe."

Babban 'yan kwana-kwanan ya buɗe baki zai yi magana. Na dube shi, ya dubi bargon da ke hannuna har yanzu, ya mai da bakinsa ya rufe.

Iska na ratsa zauren daga ƙofa zuwa ƙofa, tana ɗaga gashin goshin Vule. Desanka ta cire rigar sanyinta ta lulluɓa masa a ƙirji, ta cusa gefen a ƙarƙashin haɓarsa. Ta ɗaga kai ta dubi mutumin.

"Ɗana, don Allah rufe ɗaya."

Ya cire hularsa ta ƙarfe, ya taka zuwa ƙofar baya, ya janye abin da ya tokare ta, ya mai da ita a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba.