Hanyar da Ta Bi ta Gidan Baba

Auta ce ƙarama a gidansu, kuma ita kaɗai ta kai jami'a. Babanta tsohon direban babbar mota ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan hanyoyi masu ramuka har bayansa ya sandare, ko takalmi ba ya iya sunkuyawa ya ɗaura. Lokacin da za ta zaɓi abin da za ta karanta, ita hankalinta yana kan likitanci, sai ya ce mata, "Likitoci sun yi yawa, Auta. Ki karanta aikin hanya da gada. Wannan bayan nawa da kike gani, ba ciwo ba ne ya kashe shi, rami ne."

Ta bi maganarsa, da farko don kada ta ɓata masa rai, daga baya kuma karatun ya shiga ranta. Ta koyi irin nauyin da ginshiƙi ke iya ɗauka, da yadda ruwa ke cin ƙasa ta ƙarƙashin kwalta ba wanda ya sani sai ranar da ta rufta. A ajinsu mata ba su cika hannu ɗaya ba. Rana ta ƙona ta a wajen awo har Yayanta, mai shagon walda a ƙofar gida, yakan ce, "Ga mai gyaran kwalbati nan ta dawo, a ba ta ruwa kafin ta narke."

Da ta gama, layinsu gaba ɗaya ya daina ce mata Auta. Injiniya ta zama. Duk wanda bangonsa ya tsage sai a aiko a kira ta, har wanda rijiyarsa ta ƙafe. Baba kuwa ko mai sayar da gawayi ne ya tsaya a ƙofa sai ya ji labarin 'yarsa.

Ta samu aiki a wani kamfani da ke zana hanyoyi. Shekarun farko duk a daji ta yi su, daga wannan kwalbati zuwa wancan, tana faɗa da 'yan kwangila a kan rodi da siminti. Sannan babban aiki ya zo: sabuwar hanya mai faɗi da za ta tashi daga kasuwa ta zagaye gari ta haɗe da babbar gada. Daraktan kamfanin ya raba aikin kashi-kashi, ya ba ta nata.

A teburinta ta buɗe taswirar, an ɗora layin hanyar a kan hoton garin da aka ɗauka daga sama. Tana bin layin da yatsa sai ta tsaya. Ta gane rufin kwanon da ya yi tsatsa ta gefe ɗaya. Ta gane bishiyar gwaba a tsakar gida, da rumfar shagon Yaya. Jan layin ya hau kan gidansu da duk gidajen da ke jere da shi.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta zauna ta bi zanen tun daga farkonsa, sai ta ga hanyar ta yi wata kwana da ba ta da dalili. Da an bar ta ta miƙe, ta wani ƙaton fili za ta bi, wanda aka kewaye da katanga, ba komai a cikinsa sai ciyawa. Kwanar ce ta kauce wa filin ta faɗo kan layinsu. Ta sake zanen nata da kanta, miƙaƙƙe, ya fi gajarta, ruwa ma ya fi samun mafita. Ta ɗauka ta shiga ofishin Darakta.

Ya sa tabarau ya duba a tsanake. Mutum ne mai fara'a, bai taɓa ɗaga mata murya ba.

"Aiki ya yi kyau," in ji shi. "Da a makaranta muke, da na ba ki maki cikakke. Kin san filin wane ne wannan?"

"Ban sani ba, Yallaɓai."

"To ki ci gaba da rashin sanin, ya fi miki kwanciyar hankali."

"Yallaɓai, gidajen mutane ne a nan. Har da na mahaifina."

Ya cire tabarau ya dube ta, da alama ya ji ba daɗi. "Ayya. Wallahi ban sani ba. Amma an riga an amince da layin daga sama, Injiniya. Hanya ba ta matsawa."

Ta ce to a cire ta daga wannan kashi, a ba wani. Ya ce zai iya, amma ta sani wanda za a ba ba ruwansa da inda ruwan sama zai bi, gidajen da suka rage su ne za su sha ambaliya. Ya ƙara da cewa akwai masu jira su ce dama mace ba za ta iya ba. Ta naɗe zanenta ta fito.

Da yamma ta tarar da Baba a kan tabarma ƙarƙashin gwabar, Yaya yana wanke hannu a bakin rijiya. Ta zauna ta faɗa musu komai, ba ta ɓoye ko kwanar ba.

Yaya ya yarfe hannunsa. "Ban gane ba. Ba ke ce injiniyar ba? Ki matsar da ita mana."

"Na gwada, Yaya."

"Kin gwada. Duk karatun nan, duk baƙin da kika yi a rana, ashe gidan ubanki ma ba ki iya tsarewa ba?"

Baba ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Gidan nan shi ya gina shi, ɗaki bayan ɗaki, duk dawowa daga tafiya ya ƙara bulo. A ɗakin tsakiya mahaifiyarsu ta rasu. Ya dubi Auta ya ce, "Hanyar mai kyau ce?"

"Mai kyau ce, Baba."

"Manyan motoci biyu za su wuce juna ba sai ɗaya ya sauka gefe ba?"

"Har da wurin tsayawa."

"To a yi," in ji shi. "Gida ai ana sake wani. Ni dai a ɗauke ni a mota in bi ta kanta, in ji yadda hanya ba rami take."

Maƙwabta ba su ɗauke ta haka ba. Kwana da kwanaki suna sallama. Tela, wanda ya ɗinka mata kayan makaranta tun tana firamare, ya zo da tef ɗinsa rataye a wuya ya ce, "Injiniya, ba da yawa muke nema ba. Kamu ɗaya za ki rage, yadda nake rage ƙafar wando." Aka yi dariya, ita ma ta yi, sannan ta ce masa ba a hannunta yake ba. Ya dube ta kamar ta ce masa ba ta san sunansa ba.

Ranar sa alama ita ta tsaya da masu awo, da hular kwano a kanta, ana buga turaku ana shafa jan fenti a bango. Ta gai da matan da ta tashi tana ce wa Inna, suka amsa wa iska. Daga cikin wani soro ta ji an ce, "'Yar katafila ce ta zo." Da aka iso gidansu, mai fentin ya tsaya yana kallonta. Ta ce ya shafa.

Baba ya ƙi tafiya ranar rushewa. Ya sa aka ajiye masa kujera a ɗaya gefen titi, ya zauna ya ga bangon ɗakin tsakiya ya kwanta, ya ga an tumɓuke gwabar. Da direban katafilar ya sauko shan ruwa, Baba ya kira shi ya tambaye shi ƙarfin injin.

Kuɗin diyyar da aka ba su bai isa sayen wani gida ba. Baba ya koma ɗaki biyu na haya a bakin gari, famfo ɗaya na mutanen gidan duka. Yaya ya kafa shagonsa a inda ba wanda ya san shi, masu kawo masa aiki suka watse. Ya daina yi wa Auta magana. In ta je gidansa sai matarsa ta fito ta ce yana barci, alhali ana jin tarinsa.

Aikin ya tashi da ƙarfi. Aka share, aka baje, tifa-tifa na jan ƙasa suka yi ta shiga. Auta tana wurin kullum, tana duba kowane magudanar ruwa, tana gaya wa kanta in hanyar ta fito yadda ta zana, ko Yaya zai sauko. Sai damina ta faɗi, aka ce a dakata. Bayan damina ɗan kwangila ya kwashe injinansa ya kai wani wuri, aka ce na ɗan lokaci ne. Daga nan waɗanda ke sama suka sauya, sababbin suka ce sai sun sake duba komai.

Duk zuwan da ta yi, Baba sai ya tambaya, "Yaushe za a zuba kwalta?"

"Bayan damina, Baba."

Ta faɗa masa haka damina bayan damina, har ya koma tambaya da ido kawai.

A kamfani kuwa ta ci gaba. An ƙara mata girma, an ba ta ofis da mota. Wata safiya Darakta ya tara manyan ma'aikata ya ce albishir, an farfaɗo da hanyar zagaye gari, kuma ita za ta jagoranci aikin. Ya shimfiɗa sabuwar taswira. Layin ya koma can arewacin gari, ko kusa da unguwarsu bai zo ba.

"Tsohon layin fa, Yallaɓai?" ta tambaya.

"An soke shi."

"Kai ka ce min hanya ba ta matsawa."

Ya yi dariya, sauran suka taya shi. "Ni na ce haka? Komai yana matsawa, Injiniya. Ya danganta da wanda ya tura."

Ta so ta tashi ta fita, ta ma riga ta dafa tebur. Sai ta tuna hayar Baba da maganinsa duk a kanta suke, ta zauna, ta ji kanta tana tambayar yaushe za a fara awo.

Wannan karon ma ita ta kai labarin. Baba ya saurare ta yana shan maganinsa. Sannan ya ce ta kai shi tsohon layinsu.

Sun isa rana ta yi sanyi. Inda layinsu yake ya zama doguwar sarari, ruwa ya yanka jan ƙasar rami-rami, ciyawa ta kai gwiwa. Masu buga bulo sun kafa a gefe ɗaya, ɗaya gefen juji ne, awaki suna kiwo a kai. Magudanan ruwan da ta tsaya a kansu suna nan lafiya ƙalau, cike da leda. Baba ya dogara sandarsa yana waige-waige.

"Ina ne namu?" ya ce. "Na kasa ganewa."

Ita ta sani. Ta auna da ido daga wani turken siminti da ya rage, ta riƙe hannunsa ta kai shi. "Nan ne ƙofa. Nan rijiya, an cike ta. Inda kake tsaye ɗakin Mama ne."

Ya dubi ƙasan ƙafarsa. Wani mai buga bulo ya ɗaga murya ya ce, "Tsoho, a ɗan matsa, mota za ta juya." Baba ya matsa.

A hanyar komawa ya ce, "Ni saboda hanya na ce a yi."

Bayan wannan ta sayi fili a wata unguwa mai tudu, ta zana gida da hannunta. Ba matakala ko ɗaya saboda bayan Baba, ƙofofi masu faɗi, famfo a cikin ɗaki, shago a gaba mai wutar da za ta ɗauki injin walda. Ta tsaya a kan ginin kamar yadda take tsayawa a kan gada. Da aka gama ta je ta ce masa ya shirya kayansa.

Baba yana zaune a bakin gado, maƙwabta suna hayaniya a kan layin famfo a waje. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Auta. Amma na gaji da tashi. Ki ba Yayanki."

Ta aika wa Yaya ta hannun matarsa. Washegari matar ta zo ofis da kanta, tana ta sunkuyar da kai, ta ce ya ce a gode, inda yake ya ishe shi.

Gidan ya zauna a rufe. Mutane suka yi ta zuwa neman haya tana cewa akwai mai shiga. Ranar hutu takan je ita kaɗai ta buɗe tagogi, ta kunna famfo ya zuba don kada bututun ya yi tsatsa, ta kulle ta wuce wurin Baba da maganinsa.