Ranar da Na Shayar da Filin Ƙwallo

"To ai ni ban ce rubutun bai yi daɗi ba," in ji Rumaisa, tana gyara mayafinta a bakin zauren gidansu. "Ya yi daɗi ƙwarai. Har Inna sai da na karanta wa. Tambayata ɗaya ce, Malam Musaddiƙ. Wa ya jiƙa filin?"

"Wane filin?"

"Filin jirgin sama."

Na yi dariya, irin wadda jarumai ke yi a littattafai idan an rutsa da su. Tawa dai ta fito kamar tarin akuya.

"Da idona na gan ka," ta ce. "Ina hanyar Islamiyya da sassafe, kana durƙushe a bakin kanal da tiyon babanka. Wata biyu ina jira ka faɗa da bakinka. Yau bayan La'asar 'yan ƙungiyar ƙwallo za su zauna a kan Yaya Uba. In ka bari aka sauke shi saboda rubutunka, kada ka ƙara wahalar da takalminka zuwa ƙofar nan."

Ta shige gida. Ni kuma na tsaya ina kallon labule, ina neman jimlar da za ta dace da irin wannan rabuwa, ban samu ba.

Rumaisa ƙanwar Koci Uba ce, mai horar da Zaratan Fadama, ƙungiyar ƙwallon ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ni ne marubucin ƙungiyar, muƙamin da ni na naɗa kaina. Duk wasan da aka buga sai na rubuta labarinsa na tura zauren WhatsApp na magoya baya. Idan Hamza ya ci ƙwallo da ƙauri bisa kuskure, ni a wurina zaki ne ya yi ruri a dawa. Na karanta littattafai fiye da yadda na dasa shinkafa, kuma mahaifina ya sha faɗar haka, ba da sigar yabo ba.

Ga abin da ya faru. Bayan an yanke shinkafa, na dawo daga gidan kallo wata rana zuciyata cike da korayen filayen Turai. Na dubi namu, busasshiyar laka a gefen ƙaramin kanal, magudanar ruwan noman rani, sai na ji hawaye. Wai garin da ke ciyar da Kano da tumatir da albasa, a ce ya kasa shayar da filin ƙwallo ɗaya! Na kuma hango Rumaisa tana wucewa, ta ga kore shar, ta tambaya wane mai zurfin tunani ne ya yi wannan.

Ranar da aka sako wa ɓangarenmu ruwa, na ɗauki tiyo uku na mahaifina, irin waɗanda muke jawo ruwa da su daga kanal zuwa gona. Na tsoma su, na toshe da tafin hannu, na ja, ruwa ya biyo. Niyyata awa ɗaya. Sai na zauna gindin darbejiya ina rubuta waƙa a kan yadda ƙasa ke shan ruwa kamar yadda zuciya ke shan ƙauna. Ina baiti na tara aka kira ni gonar tumatir. Ban tuna da tiyo ba sai da aka kira Azahar.

Da na dawo a guje, filin ya zama gonar da ke jiran dashe. Kafin yamma kuma shanun da aka kawo kiwon tattakar shinkafa suka ratsa ta tsakiyarsa, garke guda, kowace da kofato huɗu. Rana ta gasa lakar cikin kwana uku ta koma kamar siminti. Ko ɗan shekara goma a Kura ya san ba a jiƙa laka a bar ta ba a baje ba. Ni da na haddace sunayen biranen da ban taɓa zuwa ba, na manta.

Sai ciyawa ta fito, kore shar kamar yadda na yi mafarki, ta lulluɓe ramukan. Mutane suka ce kanal ne ya ɓalle, albarka ce. Har rubutu na yi a kan albarkar.

Hamza, ɗan wasan gabanmu, shi ya fara faɗawa, idon sawunsa ya goce. Bayan mako ɗaya Jamaluddeen na baya ya yi targaɗe a gwiwa. Ɗanladi mai tsaron gida ya tashi sama ya kama ƙwallo, ya sauko cikin sawun saniya. Ƙofar gidan mai ɗori ta fi bencinmu cika. Muka je Madobi aka ɗura mana uku da nema, mutanen Kumbotso suka zo har gida suka ƙara mana huɗu. Wasa biyar a jere ba nasara.

Can ƙasan zuciyata na san inda gizo ke saƙa. Amma a mahaɗar shayi an fara cewa Koci Uba ne ke kashe yara da atisaye, ni kuma na ga jimloli suna zuwa min da gudu. Na rubuta "Kwalekwalen da Ba Shi da Matuƙi". Na ce ya mayar da zaratanmu guragu. Na ce dabarunsa sun tsufa kamar keken kakana, alhali kakana bai taɓa mallakar keke ba. Mutum ɗari da goma sha biyu suka tura min alamar yabo. Na ƙirga su sau uku.

Bayan La'asar aka taru a rumfar injin shinkafar Alhaji Badaruddeen, shugaban ƙungiya. Kowa ya samu buhu ya zauna. Koci Uba na gefe, usur ɗinsa rataye a wuya, ƙafafunsa duk yashi. Daga baya na ji cewa kullum da safe yakan je filin da bokiti yana cike ramuka shi kaɗai.

Alhaji ya sa tabarau ya karanta rubutuna da ƙarfi daga wayarsa. Wallahi ko a lokacin sai da na ji daɗin wata jimla.

"A sauke shi kawai, Alhaji!" wani ya yi ihu daga baya.

"Koci, kana da magana?" in ji Alhaji.

"Ba ni da ita, ranka ya daɗe. Filin ne ba lafiya, na faɗa tun tuni. Amma ni ban iya rubutu ba."

Na miƙe. Tun daga ƙofar gidansu Rumaisa nake tsara jawabi mai ratsa jiki a kan gaskiya da nadama, har da inda zan ɗan dakata don hawaye. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Alhaji, ni ne na jiƙa."

"Ka jiƙa me? Wando?"

Rumfar ta kece da dariya. Na faɗi sauran a birkice, tiyo, waƙa, shanu, komai.

Hamza ya ɗaga sandar da yake dogarawa. "Kai Musaddiƙ! Wato ni ne zakin da ya yi ruri, kai kuma ka haƙa min rami?"

"Shanu ne suka haƙa."

"Su ai an san shanu ne, ɗan'uwa. Kai fa?"

Koci Uba ya buɗe tsohuwar jakar ƙwallayensa, ya zaro tiyo a naɗe, ya miƙo min. Sunan mahaifina na jiki da jan fenti.

"Uku ka kawo, biyu ka kwashe," ya ce. "Na ce bari in ajiye maka, wataƙila wata rana ka zo nema."

Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma lakar garinmu ba ta tsagewa sai an jiƙa ta.

Alhaji Badaruddeen ya cire tabarau, ya daɗe yana kallona kamar buhun da aka cakuɗa da tsakuwa. Sannan ya miƙe ya buga tafi sau biyu.

"To jama'a, ku ji. Koci Uba yana nan daram a kan aikinsa. Kai kuma Malam Marubuci, daga gobe bayan Asuba ka zo da fartanya da bokiti, rami bayan rami, sai Hamza ya yi gudu daga raga zuwa raga bai faɗi ba. Kafin nan, ko wasali ɗaya kada in gani a wayata."