Kwangilar "Da Sauƙi"

Daren jiya wani mafarki na yi, kuma har yanzu ina ta duba tafin hannuna.

Bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai. Bayan rasuwar Tanko ɗan garuwa, wanda amai da gudawa suka tafi da shi farat ɗaya, duba-gari suka zo suka ɗebi ruwan rijiyar unguwarmu, ta Gindin Tsamiya, a 'yan kwalabe. Suka ce za a gwada, za mu ji. Ba mu ji ba. Abin da muka ji a rediyo shi ne hukumar birni ta ba wani kamfani kwangilar sanar da jama'a sakamakon gwaje-gwaje. Ana nan ana ta ɗiban ruwa, sai matata Tasalla ta kwanta da irin ciwon Tanko. Ina zaman jinya a bakin ƙofar ɗakinta barci ya sace ni.

Sai na gan ni a tsakiyar birni da rana tsaka, ana ruwa. Daga ƙasa ruwan yake tasowa yana hawa sama, don haka kowa ya juyar da lemarsa yana kare ƙafafunsa. Ban yi mamaki ba. Abu ɗaya ne a gabana, in ji ko akwai cuta a rijiyarmu.

A sakatariyar hukumar birni awaki ne ke aiki. A gaskiya aikin bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Wata akuya mai tabarau a teburin farko ta dube ni tana tuƙa, ta nuna mini ofishin darektan lafiya da ƙaho. Darektan wani bunsuru ne mai furfura a gemu, warinsa ya riga shi gaisawa da ni.

"Ranka ya daɗe, na zo jin sakamakon rijiyar Gindin Tsamiya."

"An gwada," in ji shi.

"To me aka gani?"

"An gani."

"Ranka ya daɗe, matata ce a kwance."

Ya sunkuyar da kai, na ga alamar abin ya taɓa shi.

"Allah ya ba ta lafiya. Amma mu gwaji ne namu. Faɗi kuwa, mun ba da shi kwangila. Hukuma baki ɗaya gare ta, kuma an keɓe shi don buɗe taro."

"Wa aka ba?"

"An bi ƙa'ida," ya ce. "Zakara ya nema, muka ga zai riƙa tashin mutane daga barci. Ungulu ta nema, ba abin da bai cika ba a wurinta, sai dai majalisa ta ga kamar tana da abin da take so a ciki. Shi ne muka ba 'yan dubiya. Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa kawo ƙarar wanda ya je duba marar lafiya ba."

Na ga hujjar ta yi ƙarfi. Har godiya na yi masa, abin da yake ba ni haushi har yanzu.

Ban tuna na fita ba, sai ga ni a wani dogon zaure da ba a hango ƙarshensa. Mutane zaune a kan tabarmi, kowa da ledar lemo da ayaba a gefensa, ba mai ɗaga murya. A gaban kowane ɗaya akwai kwano rufe da faifai yana tururi, ana ta fifita shi da mafici. Shugabar kamfanin kuwa Iya Ladingo ce, tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda ba a taɓa yin ciwo a unguwa ba ta zo dubiya ba. An ba ta kujera mai juyi, amma ta shimfiɗa tabarmarta a ƙasa, ta bar kujerar tana juyi ita kaɗai.

"Barmo, kai ne? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Iya," na ce, tun kafin in ankara.

"Madalla. Ka ga, ai kai ma ka iya aikin."

"Iya, rijiyarmu fa?"

"Da sauƙi."

"Akwai cutar a ciki ko babu?"

Mafitai suka tsaya cak. Iya ta riƙe haɓa.

"Kai ɗan nan, wa ya rene ka? Sakamako da zafinsa yake zuwa daga ɗakin gwaji, kamar tuwon da aka kwashe yanzu. Wa zai miƙa wa ɗan mutane abu mai zafi haka? Sai mu fifita, mu fifita, har ya huce. In ya huce kuwa, duk iri ɗaya ne."

Ni tela ne. Na san yadda ake sallamar mutum ranar jajibirin salla da magana mai sanyi alhali ko yanka yadinsa ba a yi ba. Amma ba a taɓa binne kowa saboda riga ba. A nan ne tsoro ya fara kama ni.

Na bi kwanonin da ido har na ga wani mai tsagaggen baki. Kwanon miyar Tasalla ne, na kayan ɗakinta, ko cikin dubu zan gane shi. Tururinsa ya fi na kowa. Na sunkuya na ɗauke shi, zafinsa ya ratsa ni har kafaɗa, na juya na kama hanya. Ba wanda ya bi ni. Iya dai ta ɗaga murya kaɗan daga baya.

"A gai da mai jiki!"

Sai ga ni a hanyar maƙabarta. Masu ɗauke da makara suna tafiya da baya, sun nufo gari. Tanko ɗan garuwa yana zaune a kan makarar cikin likkafaninsa, sandar garuwarsa a kan gwiwa.

"Malam Barmo, sannu da rana."

"Yauwa, Tanko. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ruwa yana ta hawa a tsakaninmu.

"Tanko, ba ka rasu ba?"

"Na rasu, Malam. Amma sakamakona ya iso bayan an yi mini wanka, aka ce da sauƙi. To manya sun faɗa, ni wa da zan ƙaryata? Shi ne ake mai da ni gida. In an isa aka ga ban tashi ba, sai a sake dawowa da ni. Mutanen nan sun gaji, ina jin nauyinsu."

Ya shafa sandarsa.

"Abin da ke damuna, gidajen da na kai wa ruwa. Har da naka. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba."

"To kai fa, ka sani?"

Kwanon yake kallo. Na ɗaga faifan. Rijiyarmu ce a ciki, 'yar ƙarama, da bakinta da igiyarta da komai. Ruwanta ya yi fari kamar ruwan wankin shinkafa, irin wanda nake ta fitarwa daga ɗakin Tasalla ina zubarwa. Ba wanda ya yi mini bayani, amma na sani. Na so in yi kuka, sai dai hawayen ma sama suke yi, ba sa sauka.

Ina mayar da faifan sai na gan ni a Gindin Tsamiya. Rijiyar tana nan yadda take, ita kaɗai ce abin da bai juye ba a garin. Mata sun yi layi da bokitai. An kafa rumfa a gefe, bunsuru da Iya Ladingo suna zaune a kan fararen kujeru. Da bunsurun ya hango ni sai ya miƙe ya gyara murya.

"Bisa yarjejeniya, wanda kwano ke hannunsa shi ne ɗan kwangila na ƙarshe. Bismilla, Malam."

A gaban layi Jummala ce, matar maƙwabcina, da goyo a bayanta, ta jawo guga cike. Ta juyo.

"Malam Barmo, ya Tasalla ta kwana?"

Kowa ya juyo yana kallona. Hannuwana suna ƙuna. Na shirya maganar tsaf a raina, ku bar ruwan nan, akwai cuta, a rufe rijiyar. Na cika ƙirjina da iska na buɗe baki.

"Da sauƙi," na ji na ce.

"Alhamdu lillahi," in ji Jummala. Ta sauko da goyon, ta ɗebi ruwa a moɗa ta kai bakinsa.

Na sake gwadawa. Wannan karon maganar gaskiyar ta fito, amma 'yar mitsitsiya, kuma tana barin bakina ruwa ya kwashe ta ya yi sama da ita. Ina kallonta har ta wuce kan tsamiya. Bunsuru ya tafa kofatai, ya ce an kammala aiki bisa ƙa'ida. Iya ta sa mini albarka. Sai na ji hannuwana sun daina ƙuna. Kwanon ya huce.

Jummala ta sake zura guga. Yana sauka yana bugun bangon rijiya, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Ƙarar ce ta tashe ni. Gari ya waye, wuyana ya sage a jikin ƙofa, kuma gugan na gaske ne, daga bayan katangarmu. Na leƙa ɗaki. Tasalla tana numfashi sama-sama, idanunta sun faɗa ciki. Na fita ko takalmi ban sa ba.

Jummala ce a bakin rijiyar da goyonta, guga ya kusa fitowa. Ga Iya Ladingo ta ɓullo da ledar lemo, gidanmu ta nufa.

"Barmo, ya mai jiki?"

Maganar ta taho har bakina, don ta san hanya. Na haɗiye ta da ƙyar.

"Babu sauƙi, Iya. Ciwon Tanko ne, asibiti zan kai ta yanzu. Jummala, don girman Allah kada ki shiga da ruwan nan gida."

Iya ta dube ni kamar na tuɓe a kasuwa. Jummala kuwa ta dubi ruwan, ta kai hannu ta taɓa ƙafar yaron da ke bayanta, sannan ta kifar da gugan. Na tsaya ina kallo, ruwan bai hau sama ba, ƙasa ce ta shanye shi.